Waya tana hawa Wi-Fi lafiya, laftof ta ƙi: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof mai Windows 11, kusan wata guda ke nan tana ba ni wahala a kan Wi-Fi na gida. Wani lokaci sai ta nuna ta haɗu, amma a ƙasa ta rubuta babu intanet. Wani lokaci kuma tana aiki lafiya lau, da na rufe murfinta na dawo na buɗe sai in tarar sabis ya ɗauke, ba ya dawowa sai na sake kunna ta. Wayata da ta sauran mutanen gida duk suna aiki a kan rauta ɗaya ba matsala. Wani ya ce in kai a yi mata formatin, wani kuma ya ce katin Wi-Fi ɗin ne ya mutu. Wanne ne gaskiya, kuma akwai abin da zan iya gwadawa da kaina?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, alamu biyu ne a gabanka: haɗuwa ba tare da intanet ba, da kuma ɗaukewar sabis bayan kwamfutar ta yi barci ta farka. Suna iya fitowa daga tushe ɗaya, suna iya zama cuta biyu dabam-dabam. Amma tun daga nan zan ce maka kada ka yi formatin tukuna, kada kuma ka sayi kati. Katin da ya mutu murus ba ya ko ganin sunan Wi-Fi, balle ya haɗu ya yi aiki na awanni. Formatin kuwa, in ma ya yi magani, ya yi ne saboda ya share direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin Wi-Fi, da saitin sadarwa, kuma wannan aiki ne da za ka yi cikin 'yan mintoci ba tare da ka taɓa fayil ko ɗaya ba. Idan kuma laifin na rauta ne ko na eriya, ka yi asarar manhajojinka da lokacinka, matsalar tana nan daram.

Kafin shafi ya buɗe a allonka, abu huɗu ne ke faruwa a jere. Katin Wi-Fi na cikin kwamfutar zai ga siginar rauta. Sai su daidaita a kan kalmar sirri da nau'in tsaro. Sai rauta ta bai wa kwamfutar adireshi. Daga nan ne kwamfutar za ta iya tambayar inda shafin yake ta nufi can. Rubutun nan na babu intanet yana nufin matakai biyun farko sun wuce lafiya, an tsaya a na uku ko na huɗu. Duk aikin shi ne gano matakin da aka tsaya. Abin da na fi gani a wannan sana'a shi ne mutum ya canza saiti goma lokaci ɗaya, abu ya gyaru bai san dalili ba, bayan kwana biyu ya dawo, ko kuma ya ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba. Ka riƙa canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce gaba.

Gwaji biyu kafin ka taɓa komai

Ka ce waya tana aiki. Ka tabbatar da Wi-Fi ɗin take aiki ba da datar layinta ba, domin wayoyi da yawa suna komawa kan data a ɓoye da zarar Wi-Fi ya yi rauni, alamar kuma tana nan a sama. A daidai lokacin da laftof ta rubuta babu intanet, ka kashe datar wayar gaba ɗaya, ka buɗe shafin da ba ka taɓa buɗewa ba. Idan ita ma ta kasa, to rauta ce ko kamfanin da ke ba ka intanet, kwamfutarka ba ta da laifi a wannan ɓangaren.

Gwaji na biyu juyin na farko ne. Ka kunna hotsifot a wayarka, ka haɗa laftof ɗin, ka yi aiki da ita yini guda kamar yadda ka saba, har da rufe murfi da buɗewa. Idan ta zauna lafiya a kan hotsifot, matsalar tana tsakaninta da wannan rautar ce kawai, sai ka mai da hankali kan saitin rauta. Idan a can ma ta ɗauke bayan barci, laifin yana cikin kwamfutar, kuma direba ne ko saitin wuta zan fara zargi.

Ta haɗu amma babu intanet

Wannan binciken sai lokacin da matsalar take faruwa ake yin sa, ba bayan ta wuce ba. Ka danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka zaɓi Run as administrator. A baƙin allon da ya buɗe ka rubuta ipconfig ka danna Enter. Ka sauko zuwa sashen da aka rubuta Wireless LAN adapter Wi-Fi, layi biyu kawai kake nema a ciki: IPv4 Address da Default Gateway.

Idan lafiya, adireshin zai yi kama da 192.168.1.23 ko 192.168.0.105, na biyun kuma ya zama 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Ƙananan rautoci masu batir da yawa suna amfani da 192.168.8.1. Wannan na biyun shi ne adireshin rautar da kanta, ka rubuta shi a takarda, za ka buƙace shi.

Idan kuwa ka ga adireshin ya fara da 169.254, gurbin Default Gateway kuma fayau ba komai, ka kama ɓarawon. Windows ce ta ƙirƙiro wa kanta wannan adireshin bayan ta nemi rauta ta ba ta ba a amsa ba, kuma ba ya kai mutum ko'ina. Ka rubuta ipconfig /release ka danna Enter, sannan ipconfig /renew. Idan ya kawo adireshi mai kyau, intanet zai dawo nan take. Idan ya daɗe yana jira sannan ya ba da saƙon kuskure, ka cire rautar daga wuta na daƙiƙa 30 ka mayar, domin sashen da ke rabon adireshi, wanda ake kira DHCP, yakan sanƙare alhali na'urorin da suka riga suka karɓi nasu suna ci gaba da aiki. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana yadda wayoyin gida suke lafiya amma laftof da ta farka daga barci ta rasa. Ka kuma ƙirga na'urorin da ke kan rautar. Ƙananan rautoci suna da iyakar adadin da suke ɗauka, idan an cika, wanda ya zo daga baya shi ke zama a waje, kuma laftof ce kullum ke zuwa daga baya tunda ita ake rufewa.

Akwai abu biyu a ɓangaren kwamfutar da ke hana adireshi zuwa daidai. Na farko, wani ya taɓa sa mata adireshi da hannu, galibi don haɗa ta da firinta ko sadarwar wurin aiki, aka manta ba a cire ba. Ka danna Windows da R tare, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna dama a kan Wi-Fi, ka shiga Properties, ka buɗe Internet Protocol Version 4, ka tabbatar an zaɓi karɓar adireshi kai tsaye a sama da ƙasa. Na biyu, saitin Random hardware addresses da ke cikin Settings a ƙarƙashin Wi-Fi. Yana sa kwamfutar ta riƙa sauya lambar shaidar katinta, abu ne mai amfani a wuraren jama'a, amma idan an saita rautar gida ta karɓi sanannun na'urori kawai, sai ta ɗauki kwamfutarka baƙuwa. Ka kashe shi a kan Wi-Fi na gida.

To idan adireshin lafiya yake fa? Sai a auna hanya daki-daki. Ka rubuta ping sannan adireshin rautar, misali ping 192.168.1.1. Za ka ga layi huɗu na amsa, kowanne da lokacinsa. Idan kana ɗaki ɗaya da rautar, lokacin bai kamata ya wuce 'yan milisakan kaɗan ba, kamar 2 ko 5. Idan kana ganin 300, 800, ko Request timed out a tsakani, to siginar ce ba ta da kyau, ko da sandunan sun cika a kusurwar allo. Ka ƙara -t a ƙarshen umarnin ya yi ta bugawa ba tsayawa, ka zagaya gida da kwamfutar kana kallon inda lambobin ke tashi, ka tsayar da shi da Ctrl da C.

Idan rauta tana amsawa sumul, ka rubuta ping 8.8.8.8, wata sabar Google ce da ke waje. Rashin amsa a nan na nufin an tsaya daga rauta zuwa waje. Idan ta amsa, ka rubuta ping google.com. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, to DNS ne. Aikinsa kamar jerin sunayen da ke cikin wayarka ne: kai suna ka sani, shi ke nemo lambar da za a kira. Ka rubuta ipconfig /flushdns. Idan bai isa ba, ka koma wurin nan na Internet Protocol Version 4, a rabin ƙasa ka sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ka bar rabin sama yadda yake.

Wani lokaci duk gwajin nan uku za su wuce lafiya, burauza ce kawai ta ƙi. A nan ka duba VPN, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya a ɓoye, musamman wadda aka cire ba da kyau ba ko mai saitin toshe intanet idan ta katse. Ka duba Proxy, wato saitin bin wata kwamfuta ta tsakiya kafin a isa intanet, a cikin Network & internet, a kashe yake ga mai amfani a gida. Ka duba agogo da kwanan wata, domin idan sun kauce sosai shafuka masu tsaro suna ƙin buɗewa, kuma kwamfutar da agogonta ke komawa baya duk bayan kashewa ƙaramin batirin allon cikinta ne ya ƙare. Manhajar rigakafin bairos mai nata bangon tsaro ma tana yin haka, ka dakatar da ita na minti biyar ka gani, sannan ka mayar. In duk ba su ba ne, ka rubuta netsh winsock reset, sai netsh int ip reset, ka sake kunna kwamfutar.

Ɗaukewa bayan an rufe murfi

Wannan alamar ita ta fi nuna mini inda ciwon yake. Idan kwamfuta ta yi barci, Windows tana rage wa katin Wi-Fi wuta don adana batir, idan ta farka sai direba ya tashe shi. Direba mai matsala yakan kasa tashin katin gaba ɗaya, ko ya tashe shi rabi, ya haɗu amma bai sake neman adireshi ba. Ka ga ke nan alamominka biyu suna iya zama abu ɗaya.

Ka danna Windows da X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. Katinka shi ne mai Wireless ko Wi-Fi ko 802.11 a sunansa, galibi na Intel, Realtek, MediaTek ko Qualcomm. Ka rubuta cikakken sunan. Ka danna shi sau biyu, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A sababbin laftof da yawa ba za ka ga wannan shafin ba sam, saboda suna amfani da wani salon barci da ake kira Modern Standby. Ba lalacewa ba ce, sai dai a irinsu gyaran ya koma kan direba kacokan.

Ka ce wata guda ke nan da farawa. Me ya canza a lokacin? Ka shiga Windows Update ka duba Update history, musamman sashen direbobi. Idan akwai direban Wi-Fi da ya shigo a daidai wannan lokacin, ka koma Device Manager, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, babu tsohon a ajiye, sai ka nemo da kanka.

A nan mutane ke yaudaruwa. Maɓallin Update driver kusan kullum zai ce maka mafi kyawun direba yana kai, alhali abin da ke cikin kwamfutar kawai ya duba. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka sa lambar samfurinta, ka sauke direban Wi-Fi daga can. Idan nasu ya tsufa, ka je shafin wanda ya ƙera katin. Ka guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta direbobi duka da dannawa ɗaya, sau da yawa su ne ke kawo irin wannan cutar. Kuma ka sauke sabon kafin ka cire tsohon, kada ka wayi gari ba Wi-Fi ba hanyar saukewa. In hakan ta faru, ka haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering, kwamfutar za ta samu intanet ta nan. Wajen cirewa ka danna Uninstall device, ka sa alama a akwatin share direban, sannan ka ɗora sabon.

Bayan haka Restart za ka danna, ba Shut down ba. Windows tana da wani saiti mai suna Fast Startup wanda ke adana yanayin direbobi idan an kashe, ya dawo da su yadda suke idan an kunna, har da matsalarsu. Restart ne ke tada komai sabo. Ga mai irin matsalarka ina ba da shawarar a kashe Fast Startup ɗin ma, yana cikin Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do. 'Yan daƙiƙun da za ka ƙara wajen kunnawa ba su kai wahalar ba.

Akwai wani umarni da ya kamata kowa ya sani: netsh wlan show wlanreport. Yana haɗa rahoton kwana uku da suka wuce, ya nuna maka inda ya ajiye fayil ɗin, ka buɗe shi da burauza. A ciki za ka ga duk lokacin da aka haɗu da lokacin da aka katse da dalilin kowanne. Idan katsewar tana bin shiga barci da farkawa, ka tabbatar da zargin direba. Idan tana zuwa kana tsaka da aiki, ka kalli rauta da sigina.

Idan rauta ce ba sa jituwa

Idan gwajin hotsifot ya wuce lafiya, fara da mantar da Wi-Fi ɗin: danna dama a kan sunansa, ka zaɓi Forget, ka sake sa kalmar sirri kana kula da manyan baƙaƙe da ƙanana. Sannan ka rubuta adireshin rautar a burauza ka shiga saitinta, sunan shiga yana jikin takardar da ke manne a ƙasanta.

Abu uku zan duba. Nau'in tsaro: WPA3 ya fito a 2018, kuma tsofaffin katuna da direbobinsu sukan rikice idan an haɗa shi da WPA2 a saiti ɗaya. Ka mayar da shi WPA2 mai AES zalla ka gwada, amma kada ka sauka zuwa WEP ko ka bar shi ba kalmar sirri. Sai zango: rautoci da yawa suna watsa 2.4 GHz da 5 GHz da suna ɗaya, su riƙa tura na'ura daga wannan zuwa wancan, kuma wasu katunan suna faɗuwa a wajen sauyin. Ka ba kowanne sunansa dabam. Na 5 ya fi sauri da ƙarancin cunkoso amma bango yana cin sa, na 2.4 ya fi nisa amma Bluetooth da maƙwabta duk a kansa suke, har na'urorin USB 3.0 da ke jone a gefen laftof suna iya dagula shi. Sai tasha: a 2.4, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, ka zaɓi ɗaya da hannu ka sa faɗinta 20 MHz. Idan rauta ta zaɓi 12 ko 13 da kanta, katin da aka saita don kasuwar Amurka yana iya daina ganin ta kwata-kwata alhali waya tana gani.

In an zo nan ba sauƙi, akwai Network reset a cikin Advanced network settings. Yana cire dukkan na'urorin sadarwa ya mayar da su sabbi, kwamfutar ta sake kunna kanta bayan minti biyar. Zai share kalmomin sirrin Wi-Fi da ka ajiye, wataƙila kuma ka sake ɗora VPN, amma ba ya taɓa fayilolinka. Kusan duk amfanin da formatin zai yi wa wannan matsalar, shi ke nan.

Yaushe za a zargi ƙarfe

Eriyar laftof ba a jikin katin take ba. Siraran wayoyi biyu ne, galibi fari da baƙi, suka taso daga katin suka bi ta cikin mahaɗar murfi zuwa gefen allo. Buɗewa da rufewa na shekaru yana iya tsinka su, ko wanda ya buɗe kwamfutar don sa RAM ko share fanka ya fizge kan ɗaya bai lura ba. Tunda matsalarka tana da alaƙa da murfi, wannan ma abin dubawa ne. Ka zauna kusa da rauta ka rubuta netsh wlan show interfaces, ka duba layin Signal. A tazarar mita biyu ya kamata ya haura kashi 90. Idan kana ganin 50 ko ƙasa, ko lambar tana sauyawa sosai idan ka karkata allon gaba da baya ka maimaita umarnin, to wayar eriya ce. Idan kuma katin yana ɓacewa daga Device Manager, ko yana nuna alamar rawaya da Code 10 ko Code 43 bayan ka gwada direbobi biyu dabam, ko dai ya sassauta a mazauninsa ko ya fara mutuwa.

Daga nesa ba zan iya rabe maka tsakanin tsinkakkiyar eriya da katin da ya gaji ba, sai an buɗe an gani. Abin da za ka iya yi ba tare da sukudireba ba shi ne ka jona ƙaramin Wi-Fi na USB, ka kashe na ciki a Device Manager, ka yi aiki kwana biyu. Idan komai ya daidaita, Windows da rauta sun fita daga zargi, kuma kana iya ci gaba da amfani da shi haka nan.

In ka zaɓi canza na ciki, idan akwai garanti ka mayar wa kamfani. In babu, a cire haɗin batir kafin a taɓa komai, kuma kawunan eriyar ƙanana ne ƙwarai, a tsaye ake danna su a hankali har su ce ƙas, in an murɗa sai su ɓalle. Yawancin laftof na yanzu suna amfani da kati mai girman M.2 2230, amma a wasu sirara an like shi a jikin allon ciki, ba ya ciruwa. Ka kuma sa mai gyara ya duba lambar da kyau: Intel AX200 da AX201 kamanninsu ɗaya kuma suna shiga rami ɗaya, sai dai AX201 ba ya aiki sai da wasu farosesa na Intel da aka tsara dominsa, in aka sa shi a kwamfutar da ba tasa ba ko a Device Manager ba zai fito ba.